A Nemi Malaman Tauhidin Kirista Na Ƙasar Katsina Tun Suna Raye

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida. Ni Bahaushe ne Kirista, asalina daga kudancin Jihar Katsina, na yi aikin koyarwa a makarantun gwamnati har na yi ritaya, yanzu kuma ina zaune a birnin Katsina inda nake hidimar dattijo a ikilisiyarmu. Na daɗe ina bibiyar tarihin malamai da sarakuna da attajirai da tsofaffin ma'aikata da kuke kawowa, kuma ina ƙaruwa da shi ƙwarai, sai dai akwai rukunin malamai guda da ban taɓa ganin an waiwaye shi ba, wato Hausawa Kiristoci waɗanda suka haɗa kiwon ikilisiya da koyar da ilimin tauhidi a makarantun horar da fastoci. Ina so in ba da labarin ɗaya daga cikinsu, sannan in roƙi jaridarku da shugabannin ɗarikunmu su yi wani abu game da ilimin da irin waɗannan dattawa suka rubuta da Hausa, domin yana gab da salwanta.

Ba zan ambaci sunansa ko ɗarikarsa ba, saboda bai ba ni izini ba, kuma halin tsaron da yankinmu yake ciki bai bar mutum ya nuna gidan wani a jarida ba. Rabaran ne, amma ɗalibansa Baba Malam suke ce masa. An haife shi a wata unguwar Maguzawa tsakanin Malumfashi da Kafur, mahaifinsa manomi ne mai babban gandu, wanda ba ya salla kuma ba ya zuwa coci. Yaron ya fara karatu ne a hannun wani mai bishara da yake zuwa unguwarsu yana koya wa yara baƙaƙe da wasula a gindin bishiya, kuma Linjilar Markus ce littafi na farko da ya iya karantawa daga bango zuwa bango.

Zuwan wannan mai bishara yana da tarihi a bayansa. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, gwamnatinsu ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da ta yi cewa ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Cutar kuturta ce ta buɗe ƙofar, domin a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) kula da kutare a Babbar Ruga. Daga nan aikinta ya bazu zuwa wurare irin su Matazu da Malumfashi, da ɗakunan shan magani da ajujuwan karatu, kuma ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suna cikin waɗanda suka zama ɗarikar ECWA a 1954. Katolika ma sun kafu a yankin, har suka buɗe cibiyar horar da katikis, wato masu koya wa jama'a tushen addini, a Malumfashi. Angilikan sun kafa dayosis ɗinsu na Katsina, wato yankin da bishop yake shugabanta, a 1990, Katolika kuma sun sami nasu a 2023, inda Fafaroma Francis ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko, kuma shi ma kafin naɗinsa malami ne a wata babbar cibiyar ilimi ta Katolika da ke Fatakwal. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san cewa Kiristan da nake magana a kansa ɗan ƙasa ne, Hausa ce harshen da ya sha a nono, kuma kakanninsa suna kwance a wannan ƙasa.

Da ya girma ya yi aure, sai ikilisiya ta tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa tare da matarsa, kamar yadda aka saba a lokacin: miji yana ajin tauhidi, mata tana ajin mata, da yamma kuma kowane gida ya tafi gonar da makaranta ta yanka masa, domin abin da ɗalibi ya noma shi zai ci. Bayan ya gama aka aike shi ƙauyuka a matsayin mai bishara, yana yawo a kan keke. A can ne ya koya wa kansa Turanci da taimakon rediyo da tsofaffin littattafan 'yan sakandare, ya zauna jarrabawa daga gida, ya ci, sannan ya sami gurbi a babbar makarantar tauhidi. Manyan makarantun da 'yan Arewa suka fi zuwa su ne kwalejin tauhidi ta Bukuru wadda aka buɗe a 1959, da ta Kagoro, da ta ECWA da ke Jos wadda ta fara a 1980, kuma karatun digiri a cikinsu da Turanci ake yinsa. A wannan mataki ya koyi Helenanci da Ibrananci, harsunan da aka fara rubuta Sabon Alkawari da Tsohon Alkawari da su.

Abokan karatunsa da yawa sun nemi manyan ikilisiyoyin birane, wasu sun wuce Ingila da Amurka neman ƙarin digiri. Shi kuwa ya koma makarantar Hausa ya kama koyarwa, yana kuma riƙe da wata ƙaramar ikilisiya a kusa, inda yake wa'azi ranar Lahadi, yana ɗaura aure, yana raɗa suna, yana jana'iza. Tsohon Alkawari da tarihin ikilisiya da dabarun wa'azi ya fi koyarwa. Matsalar da ya tarar ita ce kusan babu littafin karatu da Hausa in ban da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da 'yan ƙananan takardun ajin baftisma. Saboda haka kowane darasi sai ya zauna da dare gaban fitilar ƙwai ya karanta manyan littattafan Turanci, ya rufe su, ya rubuta abin da ya fahimta da Hausar da manomi zai gane, washegari ya yi wa ɗalibai shifta. Daga baya ya sami keken rubutu, ya riƙa buga darussan ana raba wa aji. Haka ya yi shekara da shekaru har takardun suka cika akwatunan ƙarfe.

Na karanta wasu daga cikin takardun nan, kuma darajarsu ba ta tsaya ga fassara ba. Littattafan da aka rubuta a Turai ba su san tambayoyin da fasto yake cin karo da su a ƙauyen Bakori ko Danja ba, Baba Malam kuwa da su ya rayu. Magidanci mai mata uku ya ba da gaskiya, yana neman baftisma: me za a ce masa game da matan, kuma in an ce ya sallami biyu, wa zai ci da su da 'ya'yansu? Tsoho ya tuba amma yana tsoron daina yankan da gidansu ya gada ana yi wa kan gida, wato iskan da gidan yake bauta wa, kafin a fara shuka, domin in damina ta ƙi, shi dangi za su ɗora wa laifi. Yaro ya mutu ba zato, an nuna wata tsohuwa an ce mayya ce, rabin ikilisiya kuma sun yarda da zargin. Miji ya rasu, 'yan'uwansa sun zo kwashe gona da rumbu su bar gwauruwa da marayu hannu rabbana. Gida ɗaya, wa Musulmi ne, ƙane Kirista, uba kuma ya mutu a kan al'adar gargajiya, to wa zai yi jana'iza, kuma yaya za a raba gado? A kan kowace daga cikin waɗannan ya rubuta shafuka, yana kawo nassi, yana kawo yadda ikilisiyar farko ta yi da makamancin lamarin, yana kawo al'adar Maguzawa kamar yadda ya gan ta a gidan ubansa, sannan ya faɗi ra'ayinsa ba tare da ɓoye ra'ayin waɗanda suka saɓa masa ba.

A batun mai mata da yawa, misali, ya tsaya a kan cewa korar matar da aka aura kafin tuba zalunci ne da ba za a jingina wa bishara ba, ko da yake ya amince kada a ba irin wannan magidanci shugabanci a ikilisiya, bisa ga abin da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti a Sabon Alkawari. Wannan ra'ayi ya jawo masa saɓani da wasu manyansa, kuma har yau ba kowace ɗarika ce ta yarda da shi ba. A batun naman layya da maƙwabci Musulmi yake aiko wa Kirista ranar Babbar Salla, ya koyar da cewa a karɓa da godiya, a kuma rama da abincin Kirsimeti, domin zumunci ne ake nufi da shi. A batun maita kuwa ba ya sassauci ko kaɗan: ya hana ɗalibansa barin a kira sunan kowa a matsayin maye a cikin taron addu'a, domin ya ga yadda irin wannan zargi yake raba tsohuwa da gidanta. Akwai inda ni kaina ban bi shi ba, kamar ƙyamar da yake yi wa jita da ganguna na zamani a sujada, domin a ganina matasa suna da hakkin yin yabo da kayan zamaninsu. Amma ko a nan hujjarsa abin saurare ce, domin cewa yake idan kiɗa ya danne kalmomi, an raba tsohuwar da ba ta iya karatu ba da hanya guda da take haddace koyarwa.

Abubuwan da yake sha'awa a wajen aji duk suna komawa cikin koyarwarsa. Manomi ne na gaske, yana noma masara da dawa da waken soya, a da kuma har da auduga, kuma gonar ce ta riƙe gidansa ta biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta, domin albashin malamin tauhidi bai taka kara ya karya ba. Yana kiwon zuma, yana ɗora amya a kan itatuwan gonarsa. Yana da wani littafi na musamman da yake tara karin maganar Hausa a ciki, duk inda ya ji tsoho ya yi wadda bai sani ba sai ya rubuta, daga baya ya jera ta kusa da wadda ta yi kama da ita a cikin Karin Maganar Sulemanu na Littafi Mai Tsarki, kuma da wannan yake koya wa ɗalibai yadda za su buɗe wa'azi da abin da jama'a suka riga suka sani. Ya tsara waƙoƙi da dama da karin waƙoƙin daka da na gaɗa, waɗanda zumuntar mata suke rerawa da tulu da kacau-kacau a ƙauyuka da yawa ba tare da sanin wanda ya yi su ba. Rediyo kuwa ba ya rabuwa da ita tun zamanin da ake kama shirye-shiryen gidajen rediyon Kirista na Muryar Bishara da ELWA a gajeren zango.

Abin da zai fi ba wasu masu karatu mamaki shi ne dangantakarsa da ilimin Musulunci. Ya koyi ajami a wurin wani malamin zaure maƙwabcinsa, kuma duk watan azumi yakan kunna rediyo ya saurari tafsiri. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce yana koyon sana'arsa ne, domin malaman Musulunci na ƙasar nan sun ƙware wajen ɗauko nassi daga harshen da jama'a ba su ji, su warware shi gaɓa gaɓa da Hausa har mai sayar da goro ya fahimta. Yakan tuna wa ɗalibansa cewa Katsina garin ilimi ne tun zamanin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, cewa Nana Asma'u ta koyar da mata ta hanyar waƙoƙin Hausa, kuma Sheikh Abubakar Gumi ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa domin talaka ya karanta da kansa. Shi ne yake koyar da darasin sanin addinin Musulunci a makarantarsu, kuma dokarsa ga ɗalibai ita ce kada su faɗi wani abu game da Musulunci wanda malamin Musulunci zai ji ya ce ba haka addininsa ya koyar ba. Ba shi kaɗai ne a kan wannan hanya ba: Bishop Josiah Idowu-Fearon na Angilikan, wanda ya riƙe Sakkwato da Kaduna, ya yi karatu mai zurfi a kan Musulunci, haka ma marigayi Fada Joseph Kenny, wanda ya yi aiki a Arewa, ya iya Hausa da Larabci, ya kuma daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ibadan.

Rubutun Kirista da Hausa ba sabon abu ba ne. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani ɗan mishan mai suna James Frederick Schön ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki, kuma cikin waɗanda ya dogara da Hausarsu akwai Dorugu, yaron nan Bahaushe da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da rabin rayuwarsa a kansa tare da Hausawan da suka taimaka masa, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. A 2006 malaman Afirka sun fitar da babban sharhin Littafi Mai Tsarki da Turanci a ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, wanda daga baya aka mayar da shi Hausa, kuma wannan abin godiya ne. Amma kusan duk wannan fassara ce. Abin da malamanmu suka yi tunaninsa da Hausa, suka rubuta shi da Hausa, game da rayuwar Hausawa, shi ne har yanzu ba a buga ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da makarantun tauhidi suka fara haɗa gwiwa da jami'o'i domin a amince da takardun shaidarsu, ƙarin girman malami ya koma kan maƙalun da ya buga da Turanci a mujallun ilimi, don haka matashin malami ba ya ganin ribar ɓata shekara yana rubuta littafi da Hausa. Makarantun Hausa kuma an mayar da su na waɗanda ba su ci jarrabawa ba, alhali ɗalibansu ne suke riƙe da yawancin ikilisiyoyin karkara. Masu buga littattafai suna cewa na Hausa ba ya kasuwa, maganar da ban yarda da ita ba, domin duk wanda ya ga yadda littattafan hikaya na Kano suka mamaye kasuwannin Arewa ya san Bahaushe yana sayen abin da aka rubuta dominsa. Babban laifin dai namu ne mu shugabannin ikilisiya. Muna iya tara miliyoyi a taron baiko domin rufin majami'a ko sayen amsa-kuwwa, amma ban taɓa zama a majalisar da aka ware kuɗi domin buga littafin malaminmu ba. Mun zama kamar manomin da ya yi noma mai kyau ya bar dammunan a gona bai gina rumbu ba.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin gaggawa. Kowa ya san abin da ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Malumfashi suka gani a hannun 'yan bindiga, Musulmi da Kirista baki ɗaya, tun daga sace ɗaliban sakandaren Ƙanƙara a Disambar 2020 zuwa harin da aka kai gidan limaman Katolika a Malumfashi a watan Mayun 2021, inda aka kashe Fada Alphonsus Bello. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar akwatin takardu. Baba Malam ya yi sa'a ya kwaso nasa zuwa gari, amma ɗakin da aka ajiye su yana yoyo, gara kuma ta riga ta cinye wani sashe na darussan tarihin ikilisiya. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya sake rubuta abin da ya lalace, ɗan abin da ake ba shi na ritaya kuma ko magani ba ya isa.

Na san wani zai ce jaridar da yawancin masu karanta ta Musulmi ne ba ta da hurumi a wannan batu, ko ma ya ɗauka hanya ce ta tallata addini. Ina ganin akasin haka ne. Yawancin cacar bakin addini da ake yi a Facebook da TikTok masu ƙaramin sani ne suke hura ta daga ɓangarorin biyu, kuma muryarsu ce kaɗai jama'a suke ji. Idan Musulmin Katsina ya karanta hira da malamin Kirista wanda ya san ajami, yake girmama malaman zaure, yake kuma hana ɗalibansa yi wa Musulunci ƙage, zai san maƙwabcinsa fiye da yadda ya san shi jiya, ba tare da ya bar komai daga aƙidarsa ba. Bayan haka, takardun nan taska ce ta al'adun Maguzawa da karin magana da tsohuwar Hausar karkara, abin da ya shafi duk mai kishin harshen, ko wane addini yake bi.

Roƙona ga shugabannin ɗarikunmu shi ne kowace majalisar gunduma ta nemi tsofaffin malamanta, ta sa matasa masu kwamfuta su buga takardunsu, a karanta wa mai su ya gyara tun yana da ƙarfin yin haka, a fitar da su ko da ƙananan littattafai ne masu araha da fasto zai sa a aljihu. Ko ɗaukar hoton shafukan da waya kaɗai zai tsare su daga gara da ruwa. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan Katsina, suna iya tura ɗalibai su yi bincike a kan waƙoƙi da karin maganar da ya tara.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka turo wakilinka ya yi hira da shi da wasu irinsa. Na bar lambata a ofishinku tare da wannan wasiƙa, kuma zan nemi izininsa in raka wakilin da kaina. Ya fi kyau a zo bayan an gama girbi, domin da damina ba a cika samunsa a gida ba, kuma a zo da hantsi ranar aiki, saboda Lahadi har yanzu yana wa'azi. Wakilin ya zo da na'urar ɗaukar murya, domin yawancin waƙoƙin da ya tsara ba a rubuce suke ba.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Katsina.